Muryar Inna a Kan Jitar Mai Gyaran Kujeru

Ni dai ba waƙa ta kai ni birnin Lyon na ƙasar Faransa ba. Karatun aikin labo ya kai ni, awon jini da fitsari, a farkon shekarun dubu biyu, ina ƴar Damagaram da ba ta taɓa sa rigar sanyi ba. Ɗakina yana unguwar Guillotière, saman shagon wani mahauci Balarabe, kuma abin da na mallaka a duniya bai wuce akwati guda da wata rediyo mai cin kaset biyu ba. Rediyon nan ba don nishaɗi na saye ta ba. Inna ba ta yi boko ba, tarho kuma a lokacin sai an je gidan maƙwabta an zauna jira, kowa na sauraren abin da ake faɗa. Sai muka yi yadda kowa ke yi a wancan zamani: in zuba maganata a kaset in ba mai tafiya gida, ita ma ta zuba tata ta aiko in an samu mai zuwa.

Ni ce ƴar farinta, saboda haka sunana bai taɓa fita daga bakinta ba. Alkunya irin ta mutanen dā ce da ita, har ta yi yawa. Ko a kaset ba ta yi mini magana kai tsaye. Sai ta ce a gaya wa waccan an yi ruwa, a gaya wa waccan akuyar ta haifi biyu, kamar akwai wani zaune tsakaninmu da zai ɗauki saƙon ya kai. Ina ƙarama abin na ba ni haushi. Da na girma na daina jin haushin, amma ban daina jiran wata kalma mai laushi daga gare ta ba, ko guda.

Ranar Lahadi ina taya wata Hajiya ƴar Cadi sayar da atamfa a kasuwar tsofaffin kaya da ke bakin gari. Kusa da rumfarmu akwai wani dattijo mai gyaran kujeru. Zai kwance ruɓaɓɓen mazaunin kujera ya sake saƙa shi da wata ciyawa mai kama da kaba, sigari a gefen baki, tari ba ya barin shi. Manush ne, reshe ɗaya na mutanen da ake kira Rom, waɗanda Faransawa ke ce wa Tsigan, masu zama a karaban, wato ɗakunan nan da mota ke ja. Mutanen gari suna kawo masa kujerunsu, amma in suna masa magana hannunsu na kan jakarsu. Ni ma an sha yi mini haka a tram, jirgin nan na cikin gari, don haka ba mu sha wahalar fahimtar juna ba. Ina ce masa Baba, yana ce mini likita, duk da na gaya masa sau ba adadi ni ba likita ba ce.

Ƴarsa ce ke jiƙa masa ciyawar a bokiti tana miƙa masa. Budurwa ce siririya, ta girme ƙanwata da kaɗan, kullum cikin wandon ƴan wasan motsa jiki da gashi a ɗaure tam. Tana aiki tana waƙa ƙasa-ƙasa da yarensu. Hajiya takan ce yarinyar nan da a garinmu take da tuni an ɗauke ta gidan biki.

Abu guda Baba ba ya iya kallo a kasuwar nan, shi ne kwalayen kayan mamata. In tsoho ya mutu shi kaɗai a gidansa, sai a zo a kwashe komai a kawo nan a baje a ƙasa: hotunan aure, madubin ido, faifai, kaset, kowa ya tsuguna yana tonawa da hannu. Baba sai ya juya kujerarsa ya ba su baya. Ya taɓa ce mini su ba sa barin mamacinsu a kan titi. Na ce to, na ci gaba da ninke atamfa, ban tambaye shi me yake nufi ba.

Wata rana yarinyar ta ji ina ba Hajiya labarin kaset ɗin da nake aika wa Inna, sai ta ce ita ba ta taɓa jin muryarta daga waje ba, ko zan zo da rediyon nan wajensu. Na ɗauki rediyo a ƙugu kamar goyo, na hau bas har ƙarshen layi, na taka zuwa wani fili a ƙarƙashin babbar hanya inda aka jera karaban. Cikin nasu tas yake, ka ce ba a taka shi. Uwarta ta ba ni kofin gahawa ba tare da ta yi murmushi ba, ta koma ta tsaya bakin ƙofa hannu a ƙirji. Baba ya wanke hannu ya ɗauko jita daga saman gado.

Ban ji ko kalma ɗaya ta waƙoƙin ba. Yarinyar ta ce na kakarta ne, wata ta rarrashin yaro, wata ta tafiyar hunturu, wata ta wanda ya tafi bai waiwayo ba. Muryarta a lokacin ba ta da wani ado, tana fita ne kai tsaye, wani wajen har ta ɗan karye. Baba na bin ta da jita, in baiti ya zo ƙarshe sai ya shigo da tasa murya mai kaushi ya rufe mata, wani lokaci tari ya katse shi, ya yi dariya ya ci gaba. Motoci na wucewa a sama, duk sun shiga kaset. Da aka gama muka mayar baya muka saurara, yarinyar ta rufe fuska da hannu biyu. Nan take na sa wani kaset na kwafa, na ba ta guda na riƙe guda.

Nawa ban daɗe da shi ba. Wani Alhaji zai tafi gida, na haɗa shi da kaset ɗin saƙona na ce a kai wa Inna, ta ji irin mutanen da nake zaune cikinsu, ta san ba a daji nake ba.

Amsa ta zo bayan watanni a hannun wani ɗalibi. Ina danna rediyo, abin da na fara ji jitar Baba ce. Na ɗauka kaset ɗina aka maido mini, har na fara tsaki, sai ga muryar Inna a kai tana sallama. Ashe rediyon maƙwabciya ta aro don ta ɗauki magana, ta kunna tata a gefe da waƙar tana yi. Ƙanwata ta gaya mini daga baya cewa tun da kaset ɗin ya iso Inna ba ta tankaɗe ba ta tsinkar zogale sai da shi, tana ce masa waƙar mutanen waccan. To haka ta zauna ta jero labari a kan kiɗan: wa ya yi aure, wa ya rasu, katangar baya ta zube. Ta ce a gaya wa waccan ta gaya wa mai kiɗan nan tarinsa ya yi yawa, ya nemi zuma da citta da lemun tsami.

Can tsakiya labari ya ƙare mata. Ta yi shiru, ana jin yarinyar na rera waƙar nan ta rarrashi. Sai na ji wata murya ta biyu tana bin ta, ƙasa-ƙasa, baki a rufe. Inna ce. Tunda nake ban taɓa jin Inna ta yi waƙa ba, ko a bakin dutsen niƙa, ko ranar suna. Ga ta nan tana bin waƙar da ba ta san ma'anarta ba, ba ta kuskure ko lanƙwasa ɗaya, har baitin ya ƙare Baba ya shigo ya rufe musu su biyu. Na zauna a ƙasan ɗakin nan na saman mahauci na yi kuka har na gode Allah. Daga ƙarshe rediyonta ta yi ƙas, kiɗan ya tsaya, ta faɗi wasu ƴan kalmomi ita kaɗai, aka kashe. Waɗannan na ƙarshen ban taɓa ba su muhimmanci ba, kullum waƙar nake mayarwa.

Na isar wa Baba da saƙon zuma, ya yi dariya har tarin ya taso. Amma kaset ɗin ban kunna wa kowa ba, ban ma faɗi akwai kiɗansu a ciki ba. Na san Inna ba don kunnen kowa ta yi ba.

Daga nan rayuwa ta ja ni. Na gama karatu, na samu aiki a labon wani asibiti a Paris, na yi aure, na haifi biyu, auren ya mutu, na zauna a Stains, can bayan Paris, a wani bene da lif ɗinsa ke aiki in ya ga dama. Bas, jirgin metro na ƙarƙashin ƙasa, kwalaben jini, metro, bas. In dawo in dafa wa yara, ni kuma in ci nawa a tsaye bakin tukunya, ko takalmi ban cire ba. Salula ta zo, aka bar aika kaset, Inna kuwa a salula ba ta wuce gaisuwa sai ta miƙa wa ƙanwata. Rediyona ta lalace na yar. A cikin shekarun nan Inna ta rasu da hantsi aka binne ta kafin la'asar, ni ina sanye da farar riga ina liƙa lamba a jikin kwalba. Da na je gaisuwa na tambayi kaset ɗin waƙar, ƙanwata ta ce ai tuni zafi ya lanƙwashe shi rediyo ta tauna. Wanda Inna ta aiko mini kuwa na sa shi a gwangwanin biskit na tura saman kwaba. Ba ni da abin kunna shi, kuma gaskiya ba ni da ƙarfin zuciyar nema.

Wata Asabar za ni kasuwar Château Rouge sayen kuka da busasshen kifi, na ɗaga kai a tashar metro sai ga hoton ƴar Baba a bango, fuskarta ta fi ƙofar ɗakina girma. An sakar mata gashi, an rataya mata ƴan kunne kamar murfin kwano, ga wani siket mai furanni da ban taɓa ganin kowa a filinsu ya sa ba. Na ce oho, Faransawa kuma haka suke son ganin ku. Bayan haka ko'ina sai in ji ta, wajen mai kitso, cikin taksi, a talabijin. Yawanci da Faransanci take yi yanzu, da makaɗa cike da dandali. Muryar ta cika ta yi sumul, ba ta karyewa ko'ina. Na yi mata murna, wallahi na yi. Amma ban taɓa zuwa kallonta ba. Wanda ya yini a tsaye ba ya neman inda zai ƙara tsayuwa.

Ita ta neme ni. Ta bi ta wajen Hajiya, wadda har lokacin tana Guillotière, ta samu lambata. Ta zo Stains wata Lahadi da rana, ba kwalliya, gashi a ɗaure kamar dā, ta hau benen da ƙafa don lif ya ƙi. Tun kafin ta zauna na gane. Ba ta ce babanta ya mutu ba, ta ce wanda na sani ba ya nan. Na yi mata gaisuwa irin tamu, na ce Allah Ya ba su haƙuri, na kira shi Baba kamar yadda na saba. Ta runtse ido, na ja bakina.

Ta yi mini bayani a hankali. A wajensu in mutum ya tafi, abin da ya taɓa rayuwarsa yana bin sa. Sun ƙone karaban ɗin da jitar a ciki, da kayan saƙarsa, da tufafinsa, da kaset ɗin da na ba su. Ba a kiran sunansa, ba a dafa abincin da ya fi so, ba a rera waƙoƙin da ya kaɗa. Ta ce ba tsoro ba ne kuma ba mantuwa ba ce, girmamawa ce, don kada a ambace shi da wasa ko a taɓa shi da hannun da bai san darajarsa ba. Sai dai uwarta ta tuna kaset biyu aka yi ranar nan. Tun da ta tuna ba ta da sukuni, abinci sai an matsa mata, tana cewa muryar mijinta na yawo a hannun baƙi.

Na ce ta kwantar da hankalinta, wancan ya lalace a Damagaram tun da daɗewa. Ta sauke ajiyar zuciya, ta shanye shayinta, har ta rataya jaka. Da na bar ta ta tafi da shi ke nan. Amma baki shi ke yanka wuya. Shekara da shekaru ina son in gaya wa wani cewa Inna ta yi waƙa, kuma ga wadda ta sa ta yi a gabana. Sai na ji kaina ina ba ta labarin rediyo biyu, da zuma, da yadda Inna ta bi ta baiti guda cur. Ina cikin dariya na lura ta sauke jakar.

Ta tambaya ko kaset ɗin yana nan. Na ce yana nan, kuma nan zai zauna.

"Uwata ce a ciki," na ce. "Ba ni da wata muryarta a duniya sai wannan."

"Na sani," ta ce. "Ubana ma yana ciki."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, to me ya kawo kukan gidansu cikin gwangwanina? Mu in mutum ya rasu a yi masa addu'a a raba gado, har zanen da ya ɗaura wani ya ɗaura. Ban faɗa mata haka ba, amma ta gani a fuskata. Ba ta yi gardama ba. Ta ce akwai wanda ke haɗa mata sauti in za ta yi faifai, mai na'urori ne sosai, wataƙila ya iya zare muryar Inna daban ya ba ni, sauran a ƙone. Na ce in haka ne ba laifi.

Muka je wajensa a tsakiyar mako bayan na tashi aiki. Wani ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, bango duk soso. Ita ba ta shiga ba, ta zauna cikin motarta a waje ta ɗaga gilashi. Mutumin ya sa kaset, sai ga Inna ta cika ɗakin, har numfashinta ana ji, har ƙarar awarwaronta. Ya murɗa nan ya danna can, ya sa abin kunne ya cire, ya jima yana fama, daga ƙarshe ya ce ba zai yiwu ba. A ɗaki ɗaya aka ɗauka da ƙaramar rediyo, muryoyin sun riga sun cakuɗe. In ya danne jitar, Inna ta koma kamar mai magana daga cikin rijiya.

Amma bai ba ni kaset ɗin ba. Ya mayar da shi wajen waƙar rarrashin, ya sake mayarwa, idonsa na ƙyalli. Ya ce na san abin da ke hannuna kuwa? Wannan shi ne ɗauka na farko na mawaƙiyar tun ba a san ta ba, waƙoƙin gargajiyarsu zalla, ga kuma wata tsohuwar Afirka tana amsa mata daga wata duniya. Ya ce mutane za su haukace a kansa, a sa a faifai, a sa a intanet. Ya leƙa ya kira wani abokin aikinsa, wannan ya shigo da sanwici a hannu yana tauna, suka tsaya suna kaɗa kai, Inna na bin waƙa baki a rufe. Ba mugunta suke yi ba, yabo suke. Ni kuwa ji na yi kamar an fizge wa Inna ɗankwali a tsakiyar kasuwa. Na ce ya tsayar. Bai ji ba, na sake faɗa da muryar da nake yi wa yarana. Na sa ya goge abin da ya shiga na'urarsa a gabana, na karɓi abina na fito.

Ba a ranar na yanke shawara ba, kada in yi ƙarya. Makonni kaset ɗin na cikin jakata, ina zuwa aiki da shi ina dawowa. Na ce ai sai in kwafa a ɓoye in ba su wannan, wa zai sani? Sai in tuna kwalayen nan na kasuwar Lyon da Baba ke ba baya. Yarana Hausarsu ba ta wuce sannu da na ƙoshi ba. Ran da na faɗi, wa zai san mece ce a cikin gwangwanin biskit? Ko a zuba a shara, ko ya faɗa hannun mai ƙyallin ido irin wancan. Inna da ko sunana ba ta iya faɗa don kunya, a wayi gari tana cikin kunnen kowane fasinja a metro. Kuma ga wata tsohuwa can ba ta cin abinci. Ni na ɗauki rediyo na kai musu, ba su suka zo nema ba, tsuntsun da ya ja ruwa kuwa shi ruwa kan doka. Na gaji da juya maganar, na kira ta na ce ta same ni a tashar jirgin ƙasa ta Lyon ranar Lahadi.

Filin yana nan ƙarƙashin babbar hanyar, sai dai inda karaban ɗinsu yake dā ba komai. Uwar tana zaune a wani ƙarami, cikin baƙaƙen kaya, ta rame har na kusa ƙin gane ta. Na ajiye kaset ɗin a kan tebur, ba ta taɓa ba. Ta tambaye ni me uwata ke faɗa a ciki. Na ce ba wani abu, akuya, ruwan sama, katanga, da maganin tari da ta aiko wa wani. Na ce ko sunana ba ta faɗa ba, a wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Tsohuwar ta dube ni sosai, karo na farko tun da na san ta. Ta ce wannan mace ce da ta san girman abu.

Sannan ta tambaya ko daga farko har ƙarshe da kiɗan. Na ce sai ɗan guntu a ƙarshe, bayan rediyon Inna ta tsaya. Ta tashi ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko almakashinta na ɗinki ta ajiye kusa da kaset ɗin.

Akwai wata tsohuwar motar kaya a filin da rediyonta ke cin kaset. Aka ba ni makulli, na shiga ni kaɗai na rufe ƙofofi, su kuma suka ja baya can nesa. Na saurare shi daga sallama, ban tsallake komai ba. Auren wance, rasuwar wane, zuma da citta. Da aka zo wajen waƙar na so in mayar ko sau ɗaya, na kai hannu na fasa, don na san in na fara ba zan fita daga motar nan ba. Rediyon Inna ta yi ƙas, na danna na tsayar.

Mawaƙiyar ce ta zaro zaren kaset ɗin da bakin biro, ni na yanke. Ta yi ta jan dogon ɓangaren tana tarawa a cikin zanen uwarta har ya ƙare, tuli guda mai ruwan ƙasa, ba nauyi. Guntun da ya rage ta liƙa shi da salatif a ɗaya ƙafar kaset ɗin ta miƙo mini. Aka hura gawayi a wani rabin duro bayan karaban. Tsohuwar ta juye, ya yi tsuwwa ya dunƙule, ko minti bai yi ba, sai warin roba. Ba wanda ya yi kuka. Na yi wa Inna addu'a a zuciyata, ban san abin da su suka yi a tasu ba. Da muka koma ciki tsohuwar ta ce a ɗora gahawa, ta yanki burodi ta shafa man shanu ta ci muna kallo.

A hanyar tasha mawaƙiyar ta ce mini waƙoƙin nan ba za ta sake rera su ba har abada, ko a dandali ko a ɗaki. Masu faifai sun sha tambayarta ko akwai wani abu da ta ɗauka tun tana yarinya, tana ce musu babu. Ta ce yanzu ta daina yi musu ƙarya.

Na yi zaton waƙar na cikin kaina daram, ai na ji ta ba adadi. Shekarar farko ina bin ta a bas, baki a rufe, yadda Inna ta yi. Daga baya na lura in na kai tsakiya sai in tsaya, akwai wata lanƙwasa da take sauka kafin Baba ya shigo, na neme ta na rasa. Yanzu farkon kaɗai ya rage mini, shi ma ban tabbata ban gauraya shi da wata ba. Mutum ɗaya ce a duniya za ta iya tuna mini, tana kuma kira na duk Sallah mu gaisa, amma ba zan tambaye ta ba. Wani lokaci ina jin haushinsu, wani lokaci haushin bakina. Yawanci dai gajiya ce ba ta barin in ji haushin kowa.

Na sayi wata tsohuwar rediyo a Château Rouge saboda guntun nan. Bai fi numfashi uku ba. Ana jin shiru, akuya ta yi kuka can nesa, sai Inna ta ce:

"Af, ya ƙare. To a gaya wa waccan, in za ta ci abinci ta riƙa zama. Tun tana ƙarama a tsaye take ci."

Yara sun girma sun tafi, lif har yanzu sai ya ga dama. In na dawo daga labo na ɗumama abin da ya kwana, hannuna kan kai cokali baki tun ina gaban tukunya. Sai in ajiye, in cire takalmi, in ja kujera in zauna.